Tuta Daban, Kaya Ɗaya: Sojojin da Ke Gaba da Juna a Wasannin Bidiyo



Shugaban taro, iyayenmu malamai da ke sahun gaba, shugabannin ɗalibai da suka yi ɗawainiyar shirya wannan zama, ƙannena maza da mata, da baƙin da suka baro ayyukansu suka zo, barkanku da yamma, barkanku da zuwa. Na gode da gayyata, na kuma gode da kuka bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai.

Na zaɓi in yi magana kan sojoji biyu da ke harbin juna a cikin wasan bidiyo, abin da yaranmu ke kira gem, kowannensu da tutarsa da aƙidarsa, da kuma kayan da suke ɗauke da shi tare ba tare da sun sani ba. Na san cikin iyayenmu akwai mai cewa a ransa: duk abin da ke damun ƙasa, sai wasan yara za a tara mu a kai? Ranku ya daɗe, tambayar ta dace. Amma ku dubi ɗakin nan. Ɗalibai nawa ne ke da PUBG ko Free Fire ko Call of Duty a wayarsu yanzu haka? Ga hannuwa nan sun tashi. Waɗannan yara sun fara ganin yaƙi a allon waya tun kafin su karanta shi a littafi. Abin da allon ke gaya musu game da mutumin da ake harbi, shi zai zauna musu a zuciya. Mu kuwa al'umma ce mai 'ya'ya a cikin kaki, mai gidajen da aka kai wa saƙon rasuwa daga fagen daga. Wannan ba maganar da za mu bar wa yara su kaɗai ba ce.

Da na ce kaya, ku tuna ɗan dako a kasuwa. Soja yana da kaya iri biyu. Akwai na gadon baya: bindiga, harsasai, gorar ruwa, bargo. Akwai kuma wanda ba a ganinsa, ba a yi masa gammo, ba a kuma sauke shi idan an tuɓe kaki. A kan na biyun zan tsaya, cikin batutuwa shida.

Na farko: abokin gaba marar fuska

Mu fara da yadda akasarin wasannin yaƙi suke. Ana ba ka bindiga, sai a cika gabanka da mutane masu kama ɗaya da tufafi ɗaya, sau da yawa fuska a rufe. Ba su da suna, ba su da uwa, ba sa jin yunwa. Idan ka harbe su sai maki ya ƙaru, gawar ma ta ɓace daga allo. Da gangan aka yi haka, don hannu ba ya saurin latsa madanni idan ido ya ga mutum.

Akwai misalin da ya fi kowanne tona asirin wannan dabara. A 2002 rundunar sojan Amurka ta fitar da wasa mai suna America's Army, kyauta, da nufin jan hankalin matasa su shiga soja, kuma ya yi shekara ashirin ana buga shi kafin a rufe shi a 2022. A ciki ana raba 'yan wasa gida biyu su fafata ta intanet. To wa zai zama abokin gaba, tunda rundunar ba ta son kowa ya harbi sojan Amurka? Sai aka shirya shi ta yadda kowane ɓangare yana ganin kansa cikin kakin Amurka, yana ganin ɗaya ɓangaren cikin tufafin maƙiya. Yaro biyu na harbin juna, kowanne ya tabbata shi ne mai kare gaskiya, ɗayan shi ne mugu.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan, jama'a. Waɗanda suka shirya wasan sun so su ɓoye wani abu ne, sai ga shi sun zana hoton yaƙi kamar yadda yake. Wane soja ne a tarihin duniya ya taɓa fita daga bariki yana cewa shi ne azzalumi? Kowa a madubinsa mai gaskiya ne.

Sai dai akwai masu shirya wasanni da suka ƙi bin wannan hanya. A buɗewar Battlefield 1 na 2016, wanda ke kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk lokacin da aka kashe sojan da kake juyawa, sai allo ya nuna sunansa da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa, sannan a ba ka wani sojan. Suna kaɗai aka ƙara, amma sai wasan ya yi nauyi a hannu. Wasannin da zan kawo yanzu sun wuce nan: sun ba abokin gaba suna, da gida, da dalili.

Na biyu: kayan umarni

Kaya na farko da sojojin kowane ɓangare ke ɗauka shi ne oda daga sama. A nan zan daɗe kaɗan, don wasan da zan ambata shi ne ya sa na fara wannan tunani.

Sunansa Metal Gear Solid 3, na kamfanin Konami na Japan, wanda Hideo Kojima ya jagoranci shirya shi, ya fito a 2004. Labarin yana faruwa ne a 1964, tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da duniya ta rabu tsakanin jari-hujja na Amurka da gurguzu na Tarayyar Sobiyet. Kai ne Snake, sojan Amurka da aka jefa cikin wani daji a ƙasar Sobiyet. Wadda ta rene ka a aikin soja, ta koya maka komai, mace ce da ake kira The Boss, uwa ce a gare ka ko da ba ita ta haife ka ba. Sai ga ta a gabanka a kan gada, ta sauya sheƙa zuwa ɓangaren gurguzu, ta kai musu ƙananan makaman nukiliya. Wani kanar na Sobiyet mai suna Volgin ya harba ɗaya a cikin ƙasarsu. Don kada yaƙi ya ɓarke, dole Amurka ta wanke kanta, kuma hanyar wankewar ita ce a kashe The Boss. Wa aka aika? Ɗan da ta rena.

A ƙarshe kuna haɗuwa a wani fili cike da fararen furanni. Bayan ka kayar da ita, tana kwance, ta miƙa maka bindigarta. A nan wasan ke tsayawa cak. Fim ne da sai jarumi ya harba, kai kana kallo. A nan kuwa kai ake jira ka latsa madanni da yatsanka. Na buga wannan wasa ina saurayi, a PlayStation 2, kuma har yau ina tuna tsawon lokacin da na yi riƙe da abin nan a hannu na kasa latsawa. Daga baya na latsa, furannin suka koma ja.

Sai bayan nan ake sanar da kai gaskiya. Ba ta ci amanar ƙasarta ba. Umarni aka ba ta ta yi kamar ta sauya sheƙa. Da lissafi ya kwaɓe, sai aka ƙara mata wani umarnin: ta mutu a hannun ɗalibinta, tarihi ya rubuta ta a matsayin maciyar amana har abada. Ta karɓa. Shi Snake aka ba shi lambar girma, ya je kabarinta da ba a rubuta suna a kai ba, ya sara mata yana hawaye.

To wa ya yi nasara a filin furannin nan? Su biyun kaya ɗaya suka ɗauko daga ofis ɗaya, daga hannun mutanen da ba su taɓa taka dajin ba. Ita aka ce ta mutu, shi aka ce ya kashe. Wanne ya fi nauyi? Na bar muku.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san wannan kaya. Kurtu ba ya zaɓen inda za a kai shi, kofur ba ya zaɓen wanda zai harba. Wanda ke can gefen ma haka yake, akwai saje a kansa, akwai hafsa a kan sajen, akwai mai babbar riga a kan hafsan.

Na uku: kayan gida

Kaya na biyu shi ne waɗanda aka baro a baya. A 2014, shekara ɗari cif da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, reshen kamfanin Ubisoft da ke birnin Montpellier a Faransa ya fitar da Valiant Hearts. Akwai wani manomi Bafaranshe, Emile, yana zaune da 'yarsa Marie da mijinta Karl, Bajamushe, da jaririnsu Victor. Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Da yaƙi ya tashi, aka kori Karl daga Faransa saboda asalinsa, Jamus ta sa masa kaki. Ba a jima ba Faransa ta sa wa Emile nata. Suruki da suruki, an sa su gaba da gaba, kuma mace ɗaya suke tunani idan dare ya yi: 'yar wannan, matar wancan.

Akwai wani ɓangare da ke faruwa a tudun Vauquois. Wurin gaske ne, inda Faransawa da Jamusawa suka yi ta haƙa ramuka a ƙarƙashin juna suna tayar da nakiya fiye da sau 500, har ƙauyen da ke kan tudun ya shafe. A cikin wasan, Emile ya tarar da wani sojan Jamus ƙasa ta rufta da shi, ya ceto shi. Suka haɗa hannu suka nemi mafita, shi ma Bajamushen ya saka wa Emile da alheri ya bar shi ya kuɓuta. Ba a daɗe ba aka tayar da nakiyar Faransa a ramin Jamusawa, mutumin nan na cikin waɗanda suka mutu.

A Afrilun 1917 aka kai farmakin da Janar Nivelle ya shirya a Chemin des Dames, wanda ya ci rayuka masu yawa ba tare da biyan buƙata ba, har sojojin Faransa suka yi bore suka ƙi fita daga ramuka. Wannan tarihi ne. A wasan, Emile ya ga wani hafsa na tura yara cikin wuta da bakin bindiga, ya maka masa shebur don ya dakatar da shi, hafsan ya mutu. Kotun soja ta yanke wa Emile hukuncin harbi. Kai mai wasa kai za ka taka da shi har gindin turken, ana karanta wasiƙarsa ta ƙarshe ga 'yarsa. Harsashin da ya kashe shi ba na Jamus ba ne.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya wannan wasa, Yoan Fanise, ya sake yin wani a 2018, mai suna 11-11: Memories Retold. Harry saurayi ne ɗan Kanada mai ɗaukar hoto. Kurt magidanci ne Bajamushe da ya shiga soja don kawai ya nemo ɗansa Max da ya ɓace a fagen daga. Ƙasa ta rufta da su a rami ɗaya a Vimy, ba mai jin yaren wani, sai nuni da hannu. Kurt kan rubuta wa ƙaramar 'yarsa Lucie wasiƙa, kuma kai ake ba zaɓin kalmomin. Me za ka gaya wa yarinya game da yaƙi? Gaskiya, ko abin da zai bar ta ta yi barci? Duk uban da ke ɗakin nan ya san nauyin wannan tambaya, kuma wasan ya ɗora ta ne a kan wanda aka saba nuna mana a matsayin maƙiyi.

Sojoji kimanin miliyan 9 zuwa 10 ne suka mutu a wancan yaƙi. Kowanne akwai mai jiran wasiƙarsa.

Na huɗu: kayan jini

A filin dambe, idan ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa sai mu ce ya kashe shi. Amma wanda aka kashe zai tashi ya karkaɗe jiki, gobe ma a sake zage damtse. Kisan yawancin wasannin bidiyo irin wannan ne. Na yaƙi kuwa wanda ya faɗi ba ya tashi, wanda ya kayar ma ba ya komawa yadda yake.

Mu koma Metal Gear Solid 3. Akwai inda Snake ke tsakanin rai da mutuwa, sai ya tsinci kansa yana tafiya cikin wani kogi, ruwa na zuba. A gabansa akwai fatalwar wani sojan Sobiyet, The Sorrow. Wannan mutum da The Boss sun yi Yaƙin Duniya na Biyu a runduna ɗaya lokacin da ƙasashensu ke ƙawance, har sun haifi ɗa. Da zamani ya juya aka tilasta mata ta harbe shi, shi kuma ya tsaya mata. A cikin kogin, duk sojan da kai mai wasa ka kashe tun farkon wasan zai taso ya nufo ka, ɗaya bayan ɗaya, da irin raunin da ka yi masa. Wanda ka yanka zai zo da wuyansa, wanda ka ƙona zai zo yana ci da wuta. Idan ka yi ta ɓarin jini, tafiyar za ta yi tsawo ƙwarai. Idan kuwa ka yi amfani da bindigar sa barci da aka ba ka tun farko, kogin zai zama kusan fayau. Wasan yana ƙirgawa tun daga farko, bai gaya maka ba. Mu da muka yi imani da ranar hisabi, shin wannan hoto baƙo ne a gare mu?

The Last of Us Part II na 2020 ya bi wata hanyar. Kana juya Ellie, wadda ta tafi birnin Seattle ɗaukar fansa a kan Abby, sojar da ta kashe mutumin da ya reni Ellie. Kwana uku kana farauta kana kashe abokan Abby. Idan ka harbi wani, sai ka ji ɗan'uwansa ya kira sunansa da ƙarfi. Daga nan sai wasan ya mayar da kai rana ta farko, ya ce yanzu kai ne Abby. Sai ka gane ita ma mahaifinta aka kashe, kuma mutumin da ta kashe shi ne ya kashe shi. Sai ka zauna hira da mutanen da ka riga ka san ka hallaka su. Rundunar Abby na yaƙi da wata ƙungiya mai tsattsauran ra'ayin addini, amma yara biyu daga cikin ƙungiyar, Yara da Lev, su suka cece ta daga rataya, ta koma tana kare su daga mutanenta.

'Yan wasa da yawa sun fusata da aka tilasta musu zama Abby. Na fahimci fushinsu. Ƙiyayya tana da daɗin riƙewa muddin ba ka san labarin ɗaya ɓangaren ba. Bahaushe ya ce jiki magayi. Littafi zai ba ka labarin maƙiyinka, fim zai nuna maka fuskarsa, wasa kuwa ƙafafunsa yake ara maka ya ce taka.

Na biyar: zamani ke naɗa abokin gaba

Abin da The Boss ta yi ta nuna wa ɗalibinta shi ne, gaba tsakanin sojoji ba daga jininsu take ba, shugabanni da zamani ke yanka ta, kuma gobe suna iya sake yankawa. Fire Emblem: Three Houses na 2019 ya gina labarinsa kacokan a kan haka. Kai malami ne a makarantar horar da hafsoshi. Kana cin abinci da ɗalibai, kana sanin mai tsoro da mai barkwanci. Bayan shekara biyar yaƙi ya raba su. Cikin ɗaliban, Edelgard na son rushe ikon coci da gadon sarauta ko da za a zubar da jini, Dimitri ya tsaya ya hana ta, kuma dukansu biyu sun rasa 'yan'uwansu tun suna yara ta mummunar hanya. Duk ɓangaren da ka bi, sai ka tarar da yaran da ka sani a ɗaya gefen.

Kada wani ya ce wannan tatsuniyar Japanawa ce. Mu ma muna da namu. Akwai Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Borno, wanda barikin soja na Lokoja ke ɗauke da sunansa. Ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya yi musu yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turawan Ingila suka kama shi. Daga baya ya shiga rundunar waɗanda suka kama shi, ya kai matsayin babban saje-manja, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Habasha da Bama. Mutum ɗaya, tuta biyu. A Garwa da Mora da ke Kamaru, 'yan Afirka ne suka yi ta harbin juna a kan rigimar da aka ƙulla a Turai. Me ya haɗa su faɗa? Me ɗayansu ya taɓa yi wa ɗaya?

Sai kuma yaƙin basasarmu, daga 1967 zuwa 1970. Hafsoshin da suka yi horo tare a Sandhurst da Kaduna, suka yi fareti a bariki ɗaya, sun wayi gari suna nuna wa juna bakin igwa. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970, Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Dattawan da suka yi wannan yaƙi suna nan da sauransu, ta kowane ɓangare. Ku je ku gaishe su, ku tambaye su yunwa, da ruwan sama, da abokin da aka baro a daji. Sannan ku duba ko za ku iya gane ɓangaren mai magana daga labarin wahalarsa kaɗai.

Na shida: iyakar wannan magana

Yanzu dole in ja birki, don akwai rami a gefen hanyar da na biyo da ku. Idan na ce kaya ɗaya ne, ban ce hujja ɗaya ce ba. Akwai mai kare gidansa, akwai wanda ya zo ƙwace gidan. Akwai aƙidar da ke halatta yanka manomi a gonarsa da sace yara daga makaranta, kuma yunwar mai riƙe da ita ba ta wanke shi. Wasannin da na ambata ma sun san haka: Metal Gear ya girmama The Boss, amma bai nemi ka tausaya wa Volgin mai azabtar da fursuna ba. Gane cewa abokin gabanka mutum ne ba ya hana ka tsaya masa. Abin da yake hanawa shi ne ka wuce iyaka idan ya faɗo hannunka.

Wannan kuwa tarbiyya ce da muka gada. Suratul Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Malamanmu na tarihi sun ruwaito yadda aka riƙe fursunonin Badar, har masu tsaronsu kan ba su gurasa su kuma su ci dabino. Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 sun zo sun rubuta haƙƙin fursunan yaƙi da mai rauni da farar hula a dokar duniya. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ɗauki wasannin bidiyo da muhimmanci har ta haɗa kai da masu shirya wasan Arma 3, aka fitar da wani ƙari a 2017 da ke koyar da dokokin yaƙi.

Rami na biyu: kada tausayin sojoji biyu ya mantar da mu na uku, wanda ba shi da bindiga. Wani kamfani a Foland ya fitar da This War of Mine a 2014, inda ya yi la'akari da ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarajevo daga 1992 zuwa 1996. A ciki ba soja kake ba. Farar hula ne kai, a gidan da ya rushe, kana neman abinci da magani da dare, kana yanke shawarar ko za ka saci na tsofaffin da ba su da mai kare su. A 2020 gwamnatin Foland ta sanar da sa shi cikin jerin abubuwan nazari na makarantu. Soja yana da albashi da lambar girma da kabari mai tuta. Matar da ke sansanin gudun hijira me take da shi? Nata kayan ya fi na kowa, kuma ba ta sa hannu a takardar kowa ba.

Kammalawa

Ga iyaye, roƙona shi ne ku zauna kusa da yaro yana wasa ko da sau ɗaya, ku tambaye shi: wannan da ka harba, wane ne? Me ya kawo shi nan? Ku kuma duba shekarun da aka rubuta a jikin wasan, don da yawa cikin waɗanda na ambata na manya ne.

Ga ƙannena ɗalibai, musamman masu karatun kwamfuta da zane da adabi, labarin Chari Maigumeri yana nan yana jiran mai ɗauka. Tsaunin Mora yana nan. Idan ranar ta zo da za ku shirya namu wasan, ku ba na ɗaya gefen suna, ku ba shi uwa mai jiransa a ƙofar gida. Wataƙila a cikinku akwai wanda zai sa kaki nan gaba, a ba shi bindiga ta gaske, wata rana wani ya ɗaga hannu sama a gabansa ya miƙa wuya. Abin da ya saba gani a fuskar abokin gaba tun yana yaro, shi zai riga tunaninsa isa ga yatsa. Saboda wannan daƙiƙa guda na tsaya a gabanku yau.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kare waɗanda ke bakin daga, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.  Ga ni a tsaye. Duk mai tambaya, ko gyara, ko wanda ya buga ɗaya daga cikin wasannin nan ya ga abin da ban gani ba, bismillah, a miƙa masa abin magana.